Dokin Kara: Ko Wasan Yara Ƙarya Ne?

A cikin watan Disamba, lokacin ɗibar auduga, na sauka a gidan wata goggona a Colire (Tcholliré), babban garin yankin Mayo-Rey a arewacin Kamaru. Mai zuwa daga Garwa yakan bi babbar hanyar Ngaundere, ya ratse gabas a mararrabar Gijiba, ya sha ƙura sosai kafin ya isa. Kashegari da hantsi ina hutawa a gindin dalbejiya, sai jikanyarta, yarinya 'yar shekara huɗu, ta zo ta durƙusa a gabana da murfin kwano a kanta. Ta goya totuwar masara da tsumma, a kan murfin kuwa akwai curin laka guda shida.

Ta ce, "Baffa, ga ƙosai da zafinsa."

Na ce, "Nawa nawa ne?"

Ta ce, "Dala biyar biyar."

Na tsinci ganyen dalbejiya na ƙirga mata. Ta duba su ɗaya ɗaya, ta maido mini da guda, ta ce wannan kuɗin ya yage, ba za a karɓa ba. Na canza mata, na ɗauki ƙosai biyu, na kai kusa da baki ina hura su.

Goggo tana bakin murhu tana kallonmu. Da yarinyar ta tafi sai ta ce, "Kai ma, da girmanka? Muna fama mu hana su ƙarya, kai kana saye. Jiya ta ce mini totuwar nan tana zazzaɓi, in kai ta asibiti. Yaron da ya saba faɗin abin da babu, gobe in ya taɓa kuɗin cefane me zai hana shi cewa kura ce ta ɗauka?"

Na yi dariya a lokacin, amma da dare maganar ta hana ni barci. Goggo ba mai magana a banza ba ce. Ta goyi 'ya'ya da jikoki da yawa, ta kuwa ga yaran da ƙaramar ƙarya ta kai su ga babba. Iyaye da malaman makarantar Lahadi da dama suna da irin wannan damuwa, ko da ba su faɗa ba. Saboda haka ya kamata mu zauna mu auna tambayarta: yaron da ya hau kara ya ce doki ne, ƙarya ya yi? In ba ƙarya ba ce, me yake yi, mene ne kuma hakkinmu a kansa?

Mece Ce Ƙarya?

Bari mu fara daga ita kalmar. Ba kowace magana da ta saɓa wa abin da ke akwai ba ce ƙarya. Mutumin da ya ce maka motar Garwa za ta tashi da safe, shi ma haka aka gaya masa, in ba ta tashi ba kuskure ya yi. Maƙaryaci shi ne wanda ya san abu a zuciyarsa, ya faɗi wani dabam da bakinsa, da nufin ka gaskata shi. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rubuta littafi a kan ƙarya wajen shekara ta 395. Mutum ne mai tsanani ƙwarai a wannan batu, har bai yarda a yi ƙarya ko don a ceci rai ba. Duk da haka tun a farkon littafin ya keɓe maganar raha, ya ce ba a lasafta ta cikin ƙarya, gama muryar mai yin ta da yanayinsa suna nuna ba ruɗi yake nufi ba.

Kakanninmu ma sun san wannan bambanci. Mai tatsuniya takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku," masu ji su amsa. Daga nan Gizo ya yi magana, kura ta tafi kasuwa, ba wanda zai ce an ruɗe shi. In ta gama sai ta rufe da ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wato an buɗe ƙofa kowa yana gani, an shiga tare, an fito an rufe. Haka yake a tashe, inda yaran maƙwabtanmu Musulmi a Kano da Zariya sukan manna gemun auduga cikin watan azumi su zama tsofaffi, manya kuwa su ba su tukuici.

To, ita yarinyar mai ƙosai fa? Ba ta nufi in ci laka ba. Da na kai curin bakina da gaske, ita ce za ta fara kama hannuna. Ta san laka ce, ta san na sani, ta kuma san na san ta sani. Da yamma da aka kawo ƙosai na ainihi daga bakin kasuwa, ta ajiye murfin ta miƙa hannu, ba ta rikice ko kaɗan ba. Inda mutum biyu suka san abin da ake ciki, suka kuma yarda da shi, ba a ruɗi kowa ba.

Abin da Ke Gudana a Kan Yaro

Amma cewa abu ba zunubi ba ne bai nuna yana da amfani ba. Sai mu duba abin da yaron yake yi da hankalinsa.

A shekara ta 1933 wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi lacca a kan wasa, misalin da ya kawo kuwa shi ne na yaron da ya mai da sanda doki. Ya nuna cewa jariri bawan idonsa ne: in ya ga ƙofa sai ya buɗe, in ya ga ƙararrawa sai ya kaɗa, abin da ke gabansa shi yake juya shi. Ranar da yaro ya ɗauki kara ya ce doki ne, ranar ya fara raba ma'ana da abin da ido yake gani. Karan yana nan kara, amma tunanin yaron ne yake mulki. A 1987 Alan Leslie a Ingila ya ɗauki misalin uwa da ta kara ayaba a kunne kamar tarho, ya tambaya yaya ɗan shekara biyu yake gane wasan ba tare da ya ɗauka ayaba tarho ce ba. Amsar ita ce yaron yana riƙe da abu biyu a lokaci guda, abin da yake haka da abin da aka ce a ɗauka haka ne, bai kuwa gauraya su ba.

Wannan riƙon abu biyu shi ne tushen abin da za mu kira tunani mai lanƙwasuwa. Dubi ganyen dalbejiya. Ya zama kuɗi ne domin mu biyu mun yarda. Takardar jaka ta sefa ma da yardar mutane ta zama kuɗi. Harafin da yaro zai koya a makaranta zane ne kawai da aka yarda ya tsaya a madadin sauti. Yarinyar da ta ƙi ganye mai yaga ta riga ta kama hanyar gane yadda alama take aiki.

Akwai kuma wani gwaji da Maria Dias da Paul Harris suka buga a 1988. Sukan gaya wa ƙananan yara abin da ya saɓa wa saninsu, misali dukan kyanwoyi suna haushi irin na kare, wane kuwa kyanwa ne, to yana haushi? In an faɗa musu kai tsaye, da yawa sukan ce a'a, gama kyanwa ba ta haushi. In aka sa maganar cikin sigar wasa ko ta tatsuniya, sai su bi ta daki daki su ba da amsar da ta dace da abin da aka shimfiɗa. Kalmar "a ce" ta buɗe musu hanya. Da wannan kalma manomi yake aiki sa'ad da yake tunani, a ce ruwa ya ɗauke a tsakiyar Satumba, wane iri ne zai tsira? Da ita kuma mai shari'a yake aiki sa'ad da yake cewa, a ce mai ƙara gaskiya ya faɗa, me ya kamata mu tarar?

A Colire na ga wani abu da ya ƙara mini haske. Yaran unguwar sukan sāke harshe bisa ga wasan. In makaranta ake yi, wadda ta zama malama sai ta koma Faransanci da 'yar bulalarta. In fada ake yi, yaron da ya zama Baba na Rai Buba ya zauna a kan turmi, dogaransa suna magana da Fulatanci. In kasuwa ce, sai Hausa ta fito. Ba wanda ya tsara musu wannan. Na kuma lura da wani yaro wanda uwarsa ta ce ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti guda. Da aka naɗa shi dogari, ya tsaya ƙyam a bakin "fada" har wasan ya ƙare. A 1948 wata mai bincike a Rasha, Manuilenko, ta sami irin wannan: ƙananan yara sun fi daɗewa a tsaye cik in an ce su masu gadi ne, fiye da in an umarce su kawai su tsaya. Ashe wasan yana da dokoki, yaron kuwa da kansa yake ɗora wa kansa su.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia a Amurka da abokan aikinta suka bi binciken shekaru masu yawa, suka ga ba a tabbatar da cewa wasan kwaikwayo shi kaɗai ne yake haifar da basira ba. Mai yiwuwa hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da yawa, tare da hira da manya, da tatsuniya, da aikin hannu. Duk wanda ya zo yana tallar wani kayan wasa mai tsada da alkawarin zai mai da ɗanka haziƙi, ka riƙe kuɗinka.

Shiga Rigar Wani

Ga inda batun ya shafi halin kirki. Yarinyar da ta ce totuwarta tana zazzaɓi ta shiga rigar uwa. Ta taɓa goshin 'yar, ta lulluɓe ta, ta hana sauran yara surutu. A wannan ɗan lokaci tana kallon duniya daga inda uwarta take tsaye. Mutum ba zai ji tausayin wani ba sai ya iya cewa a ransa, a ce ni ne. Mugun mutum sau da yawa wanda wannan ƙofa ta rufe masa ne, ba ya ganin kowa sai kansa.

Mai karatu zai tuna da yadda annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, a 2 Sama'ila sura 12. Ya ba shi labarin wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta wani matalauci. Ba a taɓa yin wannan attajiri ba, ba a kuma taɓa yin tunkiyar ba. Amma labarin ya fitar da sarki daga kujerarsa ya tsayar da shi a wurin wanda aka zalunta, daga can ne ya iya ganin laifinsa. Natan kuwa bai bar shi cikin duhu ba, nan take ya buɗe masa ma'anar. Ba mu taɓa jin an kira Natan maƙaryaci ba. A Matiyu 11:16-17 da Luka 7:31-32 kuma, Yesu ya kwatanta mutanen zamaninsa da yara a kasuwa masu wasan biki da wasan makoki, waɗanda abokansu suka ƙi shiga. Wanda ya kawo irin wannan misali ya tsaya ya kalli yara suna wasa. Annabi Zakariya ma, a 8:5, da yake kwatanta birnin da salama ta komo masa, ya sa yara maza da mata masu wasa a tituna cikin alamunta.

To, Aiki Fa?

Wani zai ce, duk mun ji, amma wasa na masu ƙoshi ne. A Mayo-Rey akwai auduga da za a ɗiba, da awaki da za a kora, da ƙanne da za a goya. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa daidai ba ne a raina ta. Bame Nsamenang, masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Nso a Kamaru, wanda ya rasu a 2018, ya nuna a littafinsa na 1992 cewa yaron Afirka yakan girma ne ta wurin shiga aikin gida da renon ƙanne da zama cikin tsaransa, wannan kuwa makaranta ce mai daraja. A wurinmu wasa da aiki ba su taɓa zama abokan gaba ba. Yaron da ya gina shanun laka ya yi musu garke, shi ne gobe zai bi na gaske. Mai girkin ƙasa a gwangwani tana koyon jerin aikin murhu. A ƙauyukan ƙasar Hausa ma samari sukan yi kalankuwa bayan kaka, su naɗa gwamnansu da alƙalinsu, su gwada mulki kafin mulki ya zo hannunsu.

Haɗarin yana wurin da aiki ya cinye wasan gaba ɗaya. Yarinyar da take yawon talla daga fitowar rana har faɗuwarta, da yaron da ya bar makaranta ya bi masu haƙar zinariya cikin daji, an karɓe musu abin da ba za a iya mayar musu ba in sun girma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan hakkin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, Kamaru kuwa a 1993, ta ambaci hutu da wasa a sashe na 31. Amma takarda ba ta sallami yaro daga talla ba. Uba ne ko uwa za su ce, "Ajiye farantin nan, je ki wurin 'yan'uwanki."

Madubin da Ba Mu So

Akwai wani sashe na batun da ya fi tsoron Goggo nauyi a wurina. Wata yamma na ga yara maza sun ɗaure igiya tsakanin duwatsu biyu. Mai motar kara ya zo, mai igiya ya tsayar da shi, ya nemi takardu. Direban ya dunƙule ganye a tafinsa, ya miƙa a ɓoye yana kallon gefe, aka sauke igiya. Ba wanda ya yi dariya, gama a wurinsu haka hanya take. Wata rana kuma wasan na masu satar mutane ne, an ɗaure ƙaramin cikinsu a bayan rumbu, ana cinikin kuɗin fansa. Yankin nan ya sha wahalar 'yan fashi da masu kama mutane. A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun dajin Buba Njida, wanda ba shi da nisa da garin. Abin da manya suke faɗa da dare a ƙofar gida, shi yara suke yi da rana a bayan gida.

Yaran nan ba ƙarya suke yi ba. Gaskiyarmu suke faɗa, irin wadda mu ba mu so mu faɗa. In uban wasa ya shigo yana tangaɗi yana dukan uwar wasa, kafin mu ɗauki tsumagiya sai mu tambayi kanmu a ina aka gani. Wani lokaci kuma yaro yakan maimaita abin da ya tsorata shi ne don ya rage masa nauyi, kamar yadda babba yakan yi ta ba da labarin haɗarin da ya tsira daga gare shi. Tarwatsa wasan ba zai cire tsoron ba. Ya fi kyau babba ya matso ya tambaya, "To, wa zai zo ya kuɓutar da shi?" Sau da yawa yaran da kansu za su juya labarin.

Ina Iyakar Take?

Duk da haka Goggo tana da gaskiya a wuri ɗaya, akwai iyaka, dole ne kuwa a koya wa yaro ita. Wasa yana tsayuwa a kan yarda. In ɗaya ya daina yarda, ko kuwa bai san ana wasa ba, abin ya zama wani abu dabam. Ƙaramin da aka ɗaure a bayan rumbu, in ya fara kuka na gaske, wasa ya ƙare. Yaron da ya mintsini ƙanensa ya ce "wasa nake yi" ya ɓuya ne a bayan kalmar. Wanda ya sha nonon da aka ajiye ya ce kyanwa ce, yana so a gaskata shi don ya tsira, wannan ita ce ƙaryar da Goggo take tsoro.

Hanyar koyar da wannan ba ta da wuya. In yaro ya zo da labari mai ban mamaki, uwa ta tambaye shi a hankali, "Na wasa ne ko na gaske?" In ya ce na wasa ne, ta shiga ta taya shi. In ya ce na gaske ne alhali ba haka ba, nan ne wurin gyara. Da haka yaro zai san ƙofa biyu ne, kowace da sunanta. Amma in muka kira kowane dokin kara ƙarya, kalmar za ta yi arha a kunnensa, ranar da muka bukace ta da gaske ba za ta yi masa nauyi ba.

Sai mu kuma duba kanmu. Mu ne mukan ce wa yaro dodo yana bayan ƙofa don ya yi shiru. Mu ne mukan ce za mu sayo masa alewa don ya bar mu mu fita, mu komo hannu wofi. Mu ne mukan aike shi ya gaya wa mai bin bashi ba mu nan. A cikin waɗannan duka yaron bai san wasa ake yi ba, mun kuwa so ya gaskata, ko ya sa wani ya gaskata. In ana neman inda yaro yake koyon ƙarya, a nan ya kamata a fara nema.

Abin da wasan yake bukata daga gare mu kaɗan ne. A bar musu kara da laka da gwangwani da tsumma, gama abin da bai da siffa tabbatacciya shi ya fi ba hankali aiki. Motar roba mota ce kullum, kara kuwa yau doki ne, gobe gada, jibi sandar makiyayi. A bar musu lokaci da abokai, manya da ƙanana tare. Wayar hannu da ake miƙa wa ɗan shekara uku don ya yi shiru tana kawo masa hoto a gama, ba ta bar masa abin da zai ƙaga ba, saboda haka a rage ta. In kuma an kawo maka ƙosan laka, ka saya.

Ranar da zan tafi na faɗa wa Goggo kaɗan daga cikin waɗannan abubuwa. Ta saurara tana tsince shinkafa, ta ce, "Na ji. Amma ran da ta ce mini kura ta ɗauki kuɗi, kai zan aika wa." Na ce na yarda. Ina ɗaure kayana sai na ji yarinyar tana cewa 'yarta ba ta ji sauƙi ba har yanzu. Goggo ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ajiye faifan, ta ce, "Kawo ta nan in gani. Kin ba ta ruwa kuwa?"